Taubashina, Akwatin Hotonsa da Ɗan Farinsa

Na zauna makoki da yawa a garin nan na Wudil, amma ban taɓa ganin wanda masu gaisuwa ke ta laluben aljihu ba sai na taubashina. Mutum zai tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" a ce masa, "Da godiya," a shafa fatiha. To maimakon ya koma gefe ya yi shiru yadda aka saba, sai ka ga ya zura hannu a aljihun riga, ko ya cire hula ya laluba cikinta, ya fito da ɗan hoton da gumi ya riga ya cinye wa gefe.

"Malam ne ya ɗauke ni," in ji wani mahauci. "Ina tsakiyar fiɗa, wallahi ban ma san yana tsaye a kaina ba."

Wata tsohuwa mai sayar da tukwane ta tsaya daga bakin zaure, ta kunce bakin zane ta miƙo nata. "Ku nuna wa 'ya'yansa," ta ce. "Ta baya ya ɗauke ni ina ɗauke da kaya. Ni da na tsufa ban taɓa ganin ƙeyata ba, sai a hannun bawan Allahn nan." Aka yi dariya, sannan aka tuna inda ake, kowa ya sunkuyar da kai.

Har limamin unguwarmu, wanda ya taɓa aiko masa da doguwar nasiha a kan hotunan nan, sai da ya gyara murya ya ce tsohon masallacinmu da ruwa ya ci, yanzu ba inda za ka gan shi sai a cikin adakar da marigayi ke tara hotuna. Bai ce ya yarda da hoto ba. Iyakar abin da ya ce ke nan, ya ja carbinsa.

Ɗan farin marigayi na zaune kusa da ni, shi ke karɓar gaisuwa tun da shi ne babba. Duk wanda ya fito da hoto, shi ake fara miƙa wa. Ya karɓa da hannu biyu, ya duba, ya ce, "Allah sarki," ya mayar. A duk jama'ar da ta cika zauren nan shi kaɗai ne ubansa bai taɓa ba shi hoto ba, kuma na san shekara da shekaru abin na cin ransa. Saboda shi na zauna rubuta wannan, da kuma gudun kada a wayi gari a ce an taɓa yin wani tsoho mai akwati a Wudil, a tsaya nan.

Shi marigayi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don uwata ƙanwar ubansa ce. Ya girme ni nesa ba kusa ba, tun ina rarrafe yake kirana bawansa, ni kuwa da na yi baki na ce ban taɓa ganin ubangida mai warin shanu ba. Duk garin nan Malam ake ce masa, ana russuna masa. Ni kaɗai ke da ikon in faɗa masa abin da na ga dama, kuma na yi amfani da ikon nan har ya gaji da ni.

Malamin dabbobi ne a En'e, hukumar gargajiya ta zamanin Turawa, ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin rugage yana yi wa shanu allura. Baturen da suka yi yawon nan tare, da zai koma ƙasarsu, ya ce ya zaɓa tsakanin keke da wani baƙin akwatin ɗaukar hoto. Duk mai hankali keke zai ɗauka. Taubashina ya rungumi akwati ya taho gida a ƙasa.

Akwatin ya daɗe a rataye ba a taɓa shi. Sai da ya ajiye aiki, a shekarun nan da aka fara maganar zaɓe da mulkin kai, sannan ya sauke shi ya kakkaɓe, ya ɗaura wa kansa wata doka da ba wanda ya sa shi: kullum rana ta Allah sai ya ɗauki hoto ɗaya. Da hantsi ya yi zai rataya akwatin ya fita, uwargidansa ta ce wa yara, "Ku kauce, maharbi zai shiga daji." Ba a ido ake kafa irin wannan akwati ba. A ciki ake dafe shi, mutum ya sunkuya ya leƙa wani ɗan gilashi a samansa, abin da ke gabansa ya fito a ciki ɗan mitsitsi. Sai ka ga dattijo da rawani ya tsaya tsakiyar hanya ya sunkuya kamar mai neman allurar da ta faɗi, jakuna na kewaye shi.

Kuma ɗaya ɗin nan ɗaya ne tak. Wata rana da safe ya ɗauki ƙadangare a kan katanga. Da azahar wata mota shaƙe da buhunan gyaɗa ta kwanta a bakin gada, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, gari ya fashe aka tafi kallo. Na zo da gudu ina haki na ce ya taso da akwati.

"Na yau ya ƙare," ya ce.

"Ƙadangare fa ka ɗauka!"

"To shi ba halittar Allah ba ne? Zauna ka huta, bawa, kada ka faɗi a ce ni na aike ka."

Ba ya zaɓen abin da ya isa a ɗauka. Kara, kasuwar dabbobi, ranar Juma'a da ƙahonin shanu sun cika ta, masu jan kwale-kwale, wanzami yana yi wa mutum ƙaho, tulun da ya fashe a bakin rijiya, duk ɗaya ne a wurinsa. Ran da ruwa ya hana fita, indararon zaurensa yake ɗauka, hoton ya fito baƙi ƙirin, ya adana shi kamar sauran. Matan aure ne kawai ba ya ɗauka. In ka tambaye shi amfanin wannan wahala sai ya ce, "Na yi shekaru ina wuce abubuwa a kan doki ban dube su ba. Yanzu dubawa nake."

Ni sana'ata fatu da ƙiraga, ina kai su Kano, don haka ni na zama ɗan aike. In fim ya cika sai ya nannaɗe shi a tsumma ya ba ni, in kai wa wani Bayarabe mai shagon hoto a Sabon Garin Kano ya wanke, in dawo da hotuna da sabon fim. Ran da zan dawo, a tasha nake samunsa. Ba ya tambayata hanya, ba ya tambayar ciniki, hannu kawai yake miƙo mini.

Akwai wani masunci da ƙyanda ta ɗauke wa 'yarsa ƙarama. Malam bai taɓa ɗaukar yarinyar da niyya ba, amma ya ce idonsa na ba shi ya taɓa ganinta a bakin kogi. Ya zazzage adakar nan kaf a tsakar zaure, ya wuni yana tonawa, har ya samo wani hoton jiragen ruwa, can a gefe ga ta tsaye da 'yar ƙwarya, ba ta fi ƙwayar wake ba. Ya sa na koma wurin Bayaraben a ƙara mata girma. Ta fito dishi-dishi, da kyar za ka ce mutum ne. Da ƙafarsa ya kai wa uban. Masuncin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Zanen nan da Sallah uwarta ta saya mata." Daga ranar har Malam ya bar duniya, gidansa bai rasa kifi ba.

To mutumin da ke da wannan tausayi shi ne bai iya ɗaga ido ya dubi ɗansa na fari ba.

Kunyar ɗan fari ba baƙuwa ba ce a wurinmu, kowa na yi. Sai dai taubashina ya ɗauke ta da zafi, don uwarsa Bafulatana ce, a hannunta ya sha ta. Ana yaye yaron aka kai shi ƙauyen Achika wurin kawunsa, can ya tashi, can ya yi noma, can ya yi aure. Sunansa bai taɓa fita daga bakin Malam ba, "mutumin Achika" yake ce masa. In ya zo gaisuwa ya durƙusa, Malam bango yake kallo, ya amsa a gajarce, sannan ya juyo wurin duk wanda ke kusa ya ce, "A tambayi mutumin Achika ko geronsu ya yi." Yaron na nan durƙushe a gabansa, sai wani ya maimaita masa tambayar.

Ba ƙi ba ne, ni shaida ne. Shekarar da yaron ya kwanta ciwon shawara, Malam ya bar cin abinci, ya rame, kullum ya aike ni Achika in dubo, amma shi bai taka ba. In na dawo ba ya cewa yaya jikinsa. Sai ya ce, "Yaya mutanen can?"

Duk Juma'a mutumin Achika kan shigo kasuwa, ya biyo da 'ya'yansa su gaida kakansu. Jikokin nan kuwa an ɗauke su har ba adadi, a tsaye, a zaune, a kan jaki, da majina da babu. Uban ne ke jera su a jikin bango, ya gyara musu riga, sannan ya ja da baya ya tsaya gefe yana kallo. Wata Juma'a bayan Babbar Sallah ya zo da sabuwar riga shuɗiya, ta sha bugu tana ƙyalli, da sabuwar hula. Ya jera yaran yadda ya saba, amma bai ja da baya ba. Ya tsaya a bayansu, ya sauke hannuwa, ya daidaita kafaɗa. Duk wanda ke wurin ya gane abin da yake roƙo.

Malam ya sunkuya ya leƙa gilashi. Ya ɗago da sauri kamar wanda ya taɓa wuta.

"Bawa," ya ce da ni, "ka ce wa mutumin Achika inuwarsa ta faɗa kan yaran."

Ban maimaita ba, ai yaron ya ji. Ya yi 'yar dariya, ya matsa gefe, aka ɗauki yaran. Ya tafi kasuwa, ranar bai dawo sallama ba, ɗansa babba ya aiko ya kwashi ƙannen.

Da la'asar na tare Malam a zaure, raina a ɓace.

"Ka ɗauki ƙadangare, ka ɗauki fasasshen tulu, ka ɗauki ƙeyar tsohuwa. Ɗan da ka haifa fa? Tulu ya fi shi ne?"

"Kai ba ka da kunya, shi ya sa."

"Riga ya ɗinka saboda yau!"

"Na gani."

"Ka gani, ka kore shi."

"So kake in tsaya a gaban jama'a in ƙura masa ido, gobe a ce Malam ya tsufa ya zubar da mutunci? Ubana ya rasu bai taɓa kiran sunana ba. Wani abu ya ragu a jikina?"

"Ya ragu mana," na ce. "Ga shi nan ina gani. Kuma wane ido za ka ƙura masa? Ai cikinka kake kallo, ba shi ba."

Ya shafa akwatin da ɗan yatsa. Can ya ce, "A ciki ai shi zan gani."

Na tashi na kaɗe riga, na ce daga yau ya nemi wani bawan, ni na bar kai fim. Muka yi makonni ba ma ga maciji. Ya ba wani direba saƙon, direban ya dawo masa da hotunan bikin wasu mutanen Kudu, amarya da farar riga har ƙasa, nasa kuwa Allah kaɗai ya san gidan da suka shiga. Bai aiko a ba ni haƙuri ba, ba halinsa ba ne. Abin da ya yi, ya lallaɓo rumfata da rana tsaka ya same ni ina barci a kan ƙiraga, baki buɗe, ya ɗauke ni. Da hoton ya fito ya kafa shi a bangon zaurensa, duk wanda ya shigo ya nuna masa ya ce ga bawansa yana gadin dukiya. Dole na je in cire, daga nan muka shirya. Maganar yaron kuwa na sake tayar da ita ba sau ɗaya ba, kullum sai ya ce, "Akwai lokaci." Shi ma yaron bai ƙara sa rigar nan ya zo da ita ba.

Ciwon ajali ya kama Malam a tsakiyar daminar bana. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi, fita ta gagara. Mutumin Achika ya bar gonarsa a hannun 'ya'yansa ya tare a gidan. Shi ke ɗaga shi, shi ke juya shi, shi ke kai shi bayan gida a kafaɗa. Ka ga ikon Allah, ƙirjinsu a haɗe, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. In Malam na son ruwa sai ya ce, "A ce a ba ni ruwa," alhali su biyu ne kaɗai a ɗakin.

Duk da haka bai fasa dokarsa ba. Da hantsi sai a jingina shi a bakin ƙofar turaka, a ɗora masa akwatin a cinya don hannu ya fara rawa. Ya ɗauki kaza da 'yan tsaki, ya ɗauki turmi, ya ɗauki igiyar shanya. Duniyarsa ta dawo iyakar tsakar gida, amma bai ce ta yi masa kaɗan ba.

Ranar Litinin ta ƙarshe ina zaune gefensa, an yi ruwa da asuba, gari ya washe.

"Bawa, ina mutumin Achika?"

"Ga shi can yana gyaran danga."

"Ka ce masa ya tsaya jikin rumbu. Can inda rana take."

Na dube shi, ya kau da kai. Na ɗaga murya na kira yaron na faɗa masa. Ya tsaya da igiya a hannu, bai gane ba. Da ya ga akwatin a cinyar uban, sai ya dubi jikinsa, 'yar shara ce duk taɓo, ya ce, "Baffa, bari in sako riga."

"A ce masa haka nan," in ji Malam.

Ya je ya tsaya jikin rumbun, ya rasa yadda zai yi da hannuwansa. Uwargida ta leƙo daga madafa, ta ga abin da ake ciki, ta toshe baki da gefen mayafi ta koma. Malam ya sunkuya a kan gilashin. Na san shi, ba ya daɗewa, yana leƙawa yake dannawa. Ranar ya daɗe har na zaci numfashinsa ne ya sarƙe. Yaron na tsaye rana na dukansa, bai motsa ba, ko ƙuda bai kora ba. Malam ya yi magana ƙasa-ƙasa, sannan na ji ƙarar dannawa. Ya ce a mayar da shi ciki ya gaji.

Bai ƙara neman akwatin ba. Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa, aka kai shi kafin la'asar.

Akwatin na rataye a turaka da fim ɗin a ciki. A raina na ƙudura in an yi sadakar bakwai in kai Kano da kaina, in sa a yi masa babba, in kai Achika. Ana cikin karɓar gaisuwa, ba lokacin zancen hoto ba ne. Shi kuma yaron, ya za a yi magidanci kamarsa, ƙasar kabarin ubansa ba ta bushe ba, ya buɗe baki ya ce ina hotona? Kunyar da aka raine shi da ita ba ta bar shi ya tambayi kowa ba. Ya zauna yana karɓar na mutane yana mayarwa, nasa na rataye a bayan bango.

Washegarin sadakar uku, da rana ta take, jama'a sun ragu, na duba ban gan shi ba. Na zaga bayan gida wajen garken awaki. Yana tsugune a can shi kaɗai. Akwatin na ƙasa a buɗe, ya zaro fim ɗin ya warware shi tsawonsa, ya ɗaga shi sama da hannu biyu yana dubawa a hasken rana, daga wannan gefe zuwa wancan.

Duk yaron da ya taɓa zama a zauren Malam ya san ba a buɗe akwatin nan a haske, don kafin a wanke fim, rana na taɓa shi ta shafe abin da ke ciki. Jikokinsa sun sani, mahauta sun sani, har tsohuwa mai tukwane ta sani, don Malam ba ya gajiya da faɗa. Mutum ɗaya ne bai taɓa zama kusa da shi ya ji ba.

Ya juyo ya gan ni, ya ji kunya kamar an kama shi da sata.

"Baffa, dubawa kawai zan yi in mayar. Amma ban ga kowa ba. Ko ta ɗaya gefen ake gani?"

Na tsuguna gabansa. Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi.

"Ɗana, ba a buɗewa a rana. Haske ya cinye."

Ya dubi abin da ke hannunsa. Ya fara nannaɗe shi da sauri, yana kare shi da jikinsa. "In aka mayar yanzu fa? Ban daɗe ba, wallahi ban daɗe ba."

"Ba ya dawowa."

Hannunsa ya tsaya. Awaki na ta cin harawarsu a gefenmu. Can ya ce, "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Gaskiya ya faɗa.

"Baffa," ya ce, bai ɗago ba. "Ran nan na ga bakinsa ya motsa kafin ya danna. Kai kana kusa. Me ya ce?"

"Cewa ya yi, 'Ashe ya yi furfura.'"

Ya kai hannu ya taɓa gemunsa a hankali, kamar yau ya fara sanin yana da shi.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Mutumin da bai zubar da hawaye a wurin wanka ba, bai zubar a bakin kabari ba, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar yaron da aka yaye jiya. Ban ba shi haƙuri ba, don ni ma nawa nake yi.

Allah ya jiƙan taubashina, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba. Ya ba ɗansa haƙurin da mu ba mu iya ba shi ba, ya kuma tara su a gidan da uba zai kira ɗansa da sunansa, ya dube shi har ya ƙoshi. Amin.